Ya'u Mai Inji, Wanda Ya Tafi Gwarzo Da Handul

Shekara talatin da ɗaya ke nan, wani dare bayan an watse daga sallar isha'i, aka ji wata ƙara a bayan gidan Ya'u. Ba kuka ba ce, ba tari ba. Sai ta yi ƙiiƙ, ƙiiƙ, ta tsaya kamar mai hutawa, ta kuma ci gaba. Wasu suka ce mujiya ce ta tsufa muryarta ta dishe. Wani ya rantse ya taɓa jin irinta a fadama, wai kwaɗo ne ya haɗiyi ƙusa. A dare na uku aka samu masu ƙarfin hali suka leƙa ta saman danga, sai ga Ya'u a tsugune da zarto, yana yanka gadon ƙarfen da aka kawo matarsa Zinnira da shi, ita kuwa tana riƙe masa fitila.

"Ya'u, lafiya? Gadon aure kake yankawa?"

"Inji zan yi wa riga," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Zinnira ta ce, "Ku dai tambaye shi a kan me zan kwana. Na ce ya bar min furannin da ke jikin gadon, ya ce inji ma yana son ado."

A watan ne ƙungiyar manoman ƙauyenmu, nan ƙasar Gammo, ta sayo injin niƙa ta damƙa masa. Injin ya zo da bel ɗinsa a waje, yana gudu tsakanin wili biyu ba abin da ya tsare shi. Ya'u ya kalli bel ɗin kwana biyu, ya ce ba zai iya barci da wannan abu tsirara ba. Ya ɗora guntayen gadon a amalanke zuwa Gwarzo, wurin Malam Baƙo mai walda, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a can, aka haɗa masa keji. Har yau duk wanda ya kai niƙa zai ga furannin ƙarfe biyu a jikin kejin, gari ya rufe su sun yi fari.

Yanzu Ya'u zai ajiye aiki, domin ƙarar inji ta cinye masa kunne. Za a yi masa addu'a a ƙofar dagaci, a ci goro, a ce ya yi ƙoƙari. Amma akwai wata magana da ta liƙe wa sunansa shekara goma sha shida, wadda addu'a da goro ba za su wanke ba. Ana cewa sakacinsa ne ya raba Sa'ada, matar Haladu, da hannunta na dama. Ƙarya ce. Masu sanin ƙarya ce suna nan da ransu, kuma saboda haka aka ɗauki alƙalami.

Bari dai a fara da yadda yake wuni.

In an idar da sallar asuba, kowa ya nufi gida neman koko, shi sai ya nufi rumfar inji. Ya zagaya shi yana taɓa kowane noti da yatsa, kamar mai duba san noma ko ya kwana da kaska. Ya share ƙasa tas, domin ya ce gari a kan siminti ya fi santsin kuɓewa. Ya cire rigarsa ya rataye a ƙusa, ya saura daga shi sai 'yar shara. Sannan ya ɗebo toka ya sabunta farin layin da ya ja a ƙasa, taku uku daga inji. Layin nan ba wanda ke tsallake shi sai shi. Mace ta zo da ƙwarya, ta tsaya a bayan layi, ta ɗaure bakin mayafinta ta baya, shi zai miƙo hannu ya karɓa. Alhaji ya zo da babbar riga, shi ma bayan layi. An taɓa yin wani babban ɗan kasuwa daga Kabo da ya ce shi ba yaro ba ne da za a ja masa toka. Ya'u bai yi musu ba, ya kashe inji ya zauna a kan buhu. Da Alhajin ya ga mata sun fara harararsa, da kansa ya ja da baya.

In hatsi ya toshe bakin inji, masu niƙa a wasu garuruwa sanda suke cusawa ko hannu, inji na gudu. Ya'u sai ya ce, "Sai na kashe." In bel ya saki, "Sai na kashe." In kaza ta shiga ƙarƙashi, "Sai na kashe." Kashe irin wannan inji ba wuya, tayar da shi ne aiki, sai mutum ya yi gumi. A yini yakan kashe sau goma. Muka sa masa suna Sai-na-kashe, muna kiransa da shi a gabansa, yana amsawa.

Amma abin da ya fi ba mu dariya shi ne handul, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake zurawa a juya da ƙarfi kafin inji ya tashi. Ya'u ba ya barin sa a rumfa ko na minti ɗaya. In zai zagaya bayan gida, da shi. In zai tafi ɗaurin aure, yana ɗaure a bayan keke. A masallaci yana gefen ƙafarsa. Wata rana liman ya waiwayo bayan sallama ya ce, "Ya'u, shi wannan ƙarfen ya yi alwala kuwa?"

"Allah gafarta Malam, ya fi wasunmu tsarki. Bai taɓa cutar da kowa ba."

Dalilinsa ɗaya ne, kuma kowa ya san shi. In handul na hannunsa, inji ba zai tashi a bayan idonsa ba. Ko yaro mai ƙiriniya, ko babba mai gaggawa, ba mai iya tayar da shi. Duk wanda ya ga Ya'u ya wuce da handul ya san an rufe niƙa.

Kai ne, Ya'u, ka ƙi riƙe wa Malam Baƙo ƙarfe yana walda sai ya sa tabarau, har ya ce ka fi matarsa mita, kuma yau yana zura zare a allura yayin da sa'o'insa ke lalube. Kai ne ka ƙi cusa auduga a kunne, ka ce in ka toshe wa zai ji in bel ya sauya murya, wa zai ji in wani ya yi ihu. Ba daidai ka yi wa kanka ba, ma'aikacin asibiti ya gaya maka daga baya, amma mun san a kan wa ka ƙarar da kunnen. Turmi sha daka.

To, ga abin da ya faru.

Mahaifiyar dagaci ta rasu, ana gobe sadakar uku. Baƙi sun cika gari, daga Durun, daga Kabo, daga Gwarzo, har ƙarƙashin bishiyoyi an shimfiɗa tabarmi. Dagaci ya ɗora wa Haladu kula da abinci. Haladu mutum ne mai tsoron kunya fiye da tsoron maciji, tun safe yake kai da komo yana ƙirga tukwane. Ya'u ya yi ta niƙa har azahar, sai ƙafar keji ɗaya ta karye saboda jijjiga, gefen da ya rufe bel ya faɗo. Ya kashe inji. Ya ɗaure gefen kejin a bayan keke, ya ɗaure handul a kai.

Haladu ya tare shi. "Ina kuma za ka? Ga buhu biyu ba a taɓa ba."

"Gwarzo. Baƙo zai liƙa min wannan. Kafin magariba na dawo, in ya so in kwana ina niƙa."

"Injin ne ya lalace?"

"Inji lafiyarsa ƙalau."

"To, don gadon Zinnira za ka kunyata dagaci a gaban baƙi?"

"Haladu, gara tuwo ya makara," in ji Ya'u, ya hau keke.

Mutum uku suka rage a gindin darbejiyar da ke gaban rumfa. Haladu na nan, da Ɗan'auta mai lambu, wanda ke da tsohon injin ban ruwa a fadama, da wani na uku. La'asar ta yi, ba Ya'u. Daga gidan makoki aka aiko sau biyu ana tambayar gari. Ɗan'auta ya ce, kamar mai magana da kansa, handul ɗin injinsa iri ɗaya ne da wannan. Haladu ya ce ai Ya'u ba zai ji daɗi ba. Na ukun bai ɗauko komai ba, bai juya komai ba. Mutum ne mai son ganin yadda abubuwa ke aiki, ya daɗe yana mamakin ko ƙarfen wani inji zai tayar da wani. Cewa kawai ya yi, "A gwada mana, ai sau ɗaya ne." Shi ne mai wannan rubutu.

Haladu ya ruga fadama ya ɗauko. Ɗan'auta ya juya, inji ya yi tari ya tashi. Sai a lokacin suka gane ba wanda ya san yadda ake zuba hatsi a cikinsu, maza uku da ba su taɓa riƙe ƙwaryar niƙa ba. Suna cikin haka Sa'ada ta iso daga gidan makoki da dawa a ka, mayafinta a sake saboda sauri. Ta tsaya a bayan layi kamar yadda ta saba.

"Ina Malam Ya'u?"

Haladu ya ji nauyin ya ce wa matarsa sun tayar da injin mutum a bayan idonsa. Ya ce, "Ya zagaya, yanzu zai dawo. Shi ya tayar. Zuba kawai, ana jira."

Ta tsallake toka. Ta sunkuya. Iskar bel ta ɗauki bakin mayafin kamar wasa, sannan ta fizga. Da ta ji yana shaƙe mata wuya sai ta kai hannu ta janye, bel ya haɗa da hannun. Kafin Ɗan'auta ya lalubo inda ake kashewa, abin da zai faru ya faru.

Abu na farko da Ɗan'auta ya yi bayan inji ya tsaya shi ne ya zare handul ɗin aro ya cusa cikin rigarsa. Na ukun ya gan shi, ya kawar da kai.

Mutane suna ta taruwa Ya'u ya iso, keji a bayan keke. Bai tambayi kowa ba. Ya yar da keken, ya yanko robar taya da yake ɗaure kaya da ita, ya ɗaure dantsen Sa'ada tamau, ya sa aka tsayar da motar wani baƙo. A asibiti an ce ba don ɗaurin nan ba da jini ya ƙare a hanya. Amma masu zuwa daga baya abin da suka gani shi ne Ya'u a wurin, injinsa ba keji, jini a kan bel. Kafin isha'i magana ta gama gari, cewa ya tayar da inji tsirara ya tafi yawonsa.

Bayan kwana bakwai dagaci ya tara mutane. Haladu na tsugune can gefe, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Dagaci ya ce, "Ya'u, wa ya cire keji?"

"Ranka ya daɗe, ni ne."

"Wa ya bar inji a haka?"

Ya'u ya dubi Haladu, ya dubi Ɗan'auta, ya dubi na ukun. Ba kallon zargi ba ne, kallon wanda ke jira ne. Ya ba su lokaci mai tsawo, har dagaci ya maimaita tambayar. Ba wanda ya motsa.

"Ni na bar shi," in ji Ya'u.

Bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Ba a dai tambayi wanda ya tayar ba, shi kuma bai faɗa ba. Aka karɓe masa inji damina guda. Da aka rasa mai yarda ya taɓa injin da ya sha jini, aka aika ya dawo, ba tare da ko sannu ba. Ya dawo, ya ɗaura keji, ya ja toka.

Malam Baƙo ne ya ba da labarin abin da ya sa, kwanan baya, a rumfarsa. Ya ce da ya ji abin da ake faɗa, ya hau babur ya zo ya sami Ya'u.

"Na ce masa, kai, tun bayan azahar kana rumfata, ba wuta, muna jiran a tayar da janareto. Ni zan je gaban dagacinku in faɗa, in ana so in rantse da Littafina in rantse. Sai ya ce min, Baƙo, matar nan ta rasa hannu. Wanda zai ɗebo mata ruwa, ya ɗaura mata zane, ya yanka mata farce, shi ne mijin. In ta san shi ne, ko ruwan da ya ɗebo ba zai haɗiyu ba. Ni ba a gidana take kwana ba, ta tsane ni ba komai. Na ce to sunanka fa? Ya ce suna ba ya jin zafi."

A nan Ya'u ya yi kuskure, suna yana jin zafi. Shekara goma sha shida Sa'ada in ta hango shi sai ta sauya hanya. Ta gwammace ta ɗora dawa a ka ta taka zuwa wani ƙauye mai tafiyar awa guda, da hannu ɗaya tana tallafe ƙwarya, ta wuce ta gaban rumfarsa ba ta ko waiwaye. Mu kuma muna zaune a gindin darbejiya muna amsa gaisuwarta. Ya'u ya ƙera mata wani katako mai ƙusoshi da ake kafa albasa ko kabewa a yanka da hannu ɗaya, ya ba maƙwabciyarta Naja'atu ta kai mata, ya ce a ce daga kasuwar Kabo aka sayo. Tana amfani da shi har yau. Haladu kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi mata duk abin da Ya'u ya ce zai yi, har daka da wanke-wanke, har ana kiransa mijin-ta-ce. Ɗan'auta ya sayar da injin ban ruwan a shekarar, bai ƙara zama a gindin darbejiya ba har ya rasu.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an bar shi ya bi mu kabari. Amma duk kaka, in masu injin casa na haya sun shigo gonaki, Ya'u yakan rufe rumfa ya bi su. Ya ce musu su naɗe hannun riga, su daina tura zangarniya da hannu, su kashe kafin su zaro abin da ya maƙale. Da can ana sauraronsa, ko da dariya. Bayan abin Sa'ada sai aka daina. Wani matashi mai injin casa a hanyar Durun ya ce masa a gaban jama'a, "Baba, kai da injinka ya ci hannun mace, kai za ka koya mana hankali?" Ya'u ya juya ya hau kekensa. Kafin a gama kakar, matashin ya rasa yatsu biyu. Waɗannan yatsu biyun ba a wuyan Ya'u suke ba, ba a wuyan yaron kaɗai ba. Mu muka ɗauke wa maganar gaskiya nauyinta, muka bar mai ita yana yawo da ita ba mai saye.

Da aka sa ranar ajiye aikinsa, na ukun nan ya je ya sami Haladu a zaure, ya ce zai rubuta, a karanta a gaban dagaci.

Haladu ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Kai ka ce a gwada."

"Ni na ce."

"Yanzu kuma kai za ka ce a faɗa. Kullum kai ne mai cewa, wani ne mai ɗauka."

Can Haladu ya ƙara da cewa, "Kada Sa'ada ta ji a bakin takarda. Bar ni in gaya mata."

Ya gaya mata a daren. Naja'atu, wadda katanga ɗaya ce tsakaninsu, ta ce ba ta ji ihu ba, ba ta ji kuka ba. Da safe Sa'ada ta ɗaure kayanta a ɗankwali, ta tafi gidan wanta a Durun.

Sai kuma na ukun ya je ya gaya wa Ya'u. Mutumin da ba ya ji sai an ɗaga murya, ba a yi masa raɗa. Maganar da aka rufe shekara goma sha shida sai da aka faɗe ta da ƙarfi a bakin rumfa, ana maimaitawa, mata na layi da ƙwaryoyinsu suna ji. Da ya gane, ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Ta tafi?"

Aka ɗaga masa kai.

"Wa ya aike ka?" Muryarsa ta kurame ce, ba ya sanin tsawonta. "Ni na kawo muku ƙara? Na ce muku ya yi min nauyi? Tsofai biyu suna zaman lafiya, ka je ka tayar musu da abin da ba ka san inda ake kashe shi ba."

Wataƙila shi ke da gaskiya, wataƙila an sake yi masa laifi ne da sunan gyara. Amma matasa masu injin casa za su dawo bana, da masu zarton lantarki da suka fara shigowa yankan itace, kuma dole su san mutumin da suka yi wa dariya bai taɓa barin inji ya cutar da kowa ba.

Don haka, Ya'u, tun da kunne ya tafi, ga shi a rubuce, a nuna maka da yatsa layi bayan layi. Ba kai ba ne. Kai ne ka tafi da handul, mu muka aro wani. Kai ne ka ce gara tuwo ya makara, mu muka ji tsoron baƙi fiye da tsoron Allah. Kai ne ka ba mu lokaci a gaban dagaci, muka sunkuyar da kai muna kallon tabarma. Shekara talatin da ɗaya, dubban ƙwarya sun wuce ta hannunka, ba yaro ɗaya da ya rasa farce a gabanka. Mun gode. Mun gode da jin kunya, domin godiyar ta zo a makare kuma ta zo da ɓarna. Allah ya saka maka, ya sa abin da kunnenka ya rasa a nan ka ji mafi daɗinsa a can.

Ku kuma masu tasowa, masu niƙa da masu casa da masu walda da kafintoci, ku yi wa injinku riga ko da gadonku ne. Ku ja layi, kada ku ji nauyin kowa a kansa, ko surukinku ne. Ku kashe kafin ku kai hannu. Ku tafi da makulli a aljihu. Ku toshe kunnenku, wannan kada ku bi shi. In kuma wani ya hana ku gaggawa, ku yi masa suna in kun ga dama, amma kada ku aro handul a bayan idonsa.

Ranar Alhamis da ta wuce ita ce ranarsa ta ƙarshe a rumfa. Da hantsi, maza na zaune a gindin darbejiya kamar kullum, Haladu ma na nan can ƙarshen benci, sai ga Sa'ada ta ɓullo ta hanyar Durun da ƙwaryar dawa a ka. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta zo ta tsaya a bayan toka. Naja'atu, wadda ke kan layi, ta ajiye tata ƙwaryar ta ɗaure mata mayafi ta baya.

Ya'u ya ɗago ya gan ta. Ya kashe inji.

Ta ce, "Malam Ya'u, ka yafe min."

Ya matso, ya karkato kai. Ta sake faɗa da ɗan ƙarfi. Ya taɓa kunnensa, ya girgiza kai. A karo na uku muryarta ta karye a tsakiya, ba ta ƙarasa ba. Sai ya rusuna, ya sa hannu biyu ya karɓi ƙwaryar, ya niƙa mata da kansa, ya sake mayarwa sau biyu har garin ya yi laushi. Ya taya ta ɗorawa a ka. Ta juya ta kama hanyar da ta fito, ba ta dubi ƙarshen benci ba. Ko za ta koma ɗakinta, ba wanda ya sani har yau.

Naja'atu ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ta juyo ga mazan da ke gindin bishiya, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, wannan na gyaran hula, wancan na tonon ƙasa da tsinke. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wai ku da kuke zaune a nan kullum, lokacin da kunnensa ke ji, me kuke jira?"